Tsirkiya 42 Babu Murya Ko Ɗaya: Sharhi a Kan Faifan New Ancient Strings

A ranar 19 ga Yulin 2024 aka ba da sanarwar rasuwar Toumani Diabaté, makaɗin ƙasar Mali, a Bamako yana da shekara 58, kuma a daren nan na tono wani faifai nasa da ya daɗe kwance a ƙasan akwatin littattafaina na sa shi tun daga farko har ƙarshe. Sunan faifan New Ancient Strings, wato sababbin tsirkiyoyi na dauri, ya yi shi ne tare da maƙwabcinsa Ballaké Sissoko, kamfanin Hannibal kuma ya fitar da shi a shekarar 1999. Tun daga wannan dare na riƙa komawa gare shi, kuma duk baƙon da ya tarar ana sa shi a ɗakina sai ya yi mini tambaya biyu: wane irin kayan kiɗa ne wannan, kuma yaushe mawaƙin zai fara waƙa. Tambaya ta biyun ce ta sa na zauna rubuta wannan sharhi, domin a kanta ne mai niyyar sayen faifan ya kamata ya tsaya kafin ya sa hannu a aljihu.

Mawaƙin ba zai fara ba. Kiɗa takwas ne a cikin faifan, tsawonsu duka ya ɗan haura minti 50, kuma daga farkonsu har ƙarshensu babu abin da kunne zai ji sai kora biyu. Babu ganga, babu kalangu, babu 'yan amshi, babu mai kirari, babu ko gyaran murya. Ga Bahaushen da ya tashi yana jin cewa kiɗa shimfiɗa ce da ake yi wa magana, wannan abu ne da yake buƙatar sabo.

Kora a nan ba ta da dangantaka da kalmarmu ta korar kaza daga shanya. Sunan kayan kiɗa ne na Mandinkawa da 'yan'uwansu na Gambiya, Senegal, Gini, Gini Bisau da Mali. Ana samun babbar ƙwarya a rufe bakinta da fatar saniya, a ɗaure fatar da ƙusoshi, sannan a soka doguwar sanda ta ratsa ta, wadda galibi daga itacen madobiya ake sassaƙa ta. A tsakiyar fatar akwai dogon jaki a tsaye mai tsage-tsage a gefensa biyu, kuma ta cikin waɗannan tsagogi ne tsirkiyoyi 21 suke bi, 11 a hannun hagu, 10 a hannun dama. A da da jan fata ake murɗa tsirkiyar, amma tun tsakiyar ƙarni na 20 makaɗa suka koma zaren fatsa na roba saboda ƙarfinsa da tsabtar amonsa. Kowace tsirkiya tana ɗaure ne a jikin wani zoben fata da aka saƙa a kan sandar, mai kiɗa yana tura zoben sama ko ƙasa har sautin ya daidaita. Makaɗin yakan zauna ya fuskanci tsirkiyoyin, ya riƙe wasu 'yan sanduna biyu da yatsu uku-uku, ya bar babban yatsa da manuniya na kowane hannu su yi aikin. Yatsu huɗu ke nan a kan tsirkiya 21. Wanda ya san abin da marigayi Ɗan Maraya Jos yake fitarwa daga tsirkiya ɗaya ta kuntigi zai iya kintata yawan abin da hannun gwani zai iya fitarwa a nan.

Kiɗan kora yana da ginshiƙi biyu, kuma wanda bai san su ba zai ji faifan nan kamar ruwa ne kawai yake gudu. Na farko shi ne kumbengo, wato gajeren zagayen kiɗa da ake maimaitawa, wanda shi ne yake riƙe da asalin kowace waƙa kamar yadda dirka take riƙe da rumfa. Na biyu shi ne birimintingo, wato fizgar yatsu da makaɗi yake yi ya bar zagayen, ya gangara daga siraran tsirkiyoyi zuwa masu kauri da gudu, sannan ya dawo ya faɗa daidai inda ya bari. Makaɗi ɗaya yakan yi duka biyun shi kaɗai. Idan kuwa su biyu ne, sai ɗaya ya riƙe kumbengo ɗayan ya yi yawo, can kuma su yi musaya ba tare da sun ɗaga kai ba. Wannan musayar ita ce abin da ake saye a faifan nan.

Mutanen da suke kaɗa kora su ne ake kira jeli a Mali, jali a Gambiya, Turawan Faransa kuma suka laƙaba musu griot. Sana'a ce ta gado, ana haihuwar mutum a cikinta, kuma sunayen gidajen sanannu ne: Kouyaté, Diabaté (ana furta shi Jabate, a Gambiya kuma a rubuta Jobarteh), Sissoko ko Suso, da wasu ƙalilan. Aikinsu ya haɗa abubuwan da a wurinmu aka raba tsakanin makaɗin fada, maroƙi, sanƙira da dattijon da ake aika wa neman aure. Su ne suke riƙe da salsalar gidajen sarauta, su ne suke isar da maganar sarki ga jama'a, su ne suke shiga tsakani idan gidaje biyu sun ɓata, kuma su ne suke tsayawa gaban basarake su lissafa masa abin da kakanninsa suka yi don ya ji kunyar yin ƙasa da haka. Ibn Battuta ya gan su da idonsa lokacin da ya isa Mali a 1352 a zamanin Mansa Sulaiman. Ya ba da labarin Dugha, tafintan sarki, wanda yake kaɗa wani abu na kara mai goruna a ƙarƙashi a ranakun idi, ya kuma ba da labarin mawaƙan da suke sa tufar gashin tsuntsu su tsaya gaban sarki suna tuna masa kyawawan ayyukan waɗanda suka riga shi zama a gadon. Su kansu jeli suna mayar da asalin sana'arsu ga Balla Fasseké Kouyaté, jelin Sunjata Keita wanda ya ci Sumanguru a Kirina wajajen 1235 ya kafa daular Mali. Har gobe ana ajiye da bala, wato kayan kiɗa na jeren katako mai goruna a ƙarƙashi, wanda ake danganta wa Sumanguru, a garin Niagassola na ƙasar Gini a hannun zuriyar Kouyaté, kuma duk shekara bakwai, idan za a sake jinkar ɗakin tarihi na Kamablon a garin Kangaba na ƙasar Mali, jelin gidan Diabaté na ƙauyen Kela ne suke zuwa su karanta tarihin Mande, wato ƙasar da daular Mali ta samo asali, da ka. Ƙasar ba baƙuwa ba ce gare mu, tun da Tarihin Kano ya nuna daga Mali Wangarawa suka zo a zamanin Sarki Yaji.

Ita kora a shekaru ƙarama ce a kan bala da ngoni, wanda yake ɗan'uwan molonmu. Masu ita suna cewa daga daular Kaabu ta fito, a yankin da yake tsakanin Gini Bisau, kudancin Senegal da Gambiya a yau, kuma suna ambaton Jali Madi Wuleng a matsayin wanda ya fara kaɗa ta. Mungo Park ya ambace ta a littafin tafiyarsa na 1799, inda ya ce tsirkiyarta 18. Saboda haka kora a Bamako baƙuwa ce da ta zo daga yamma, kuma iyayen makaɗan nan biyu suna cikin waɗanda suka kawo ta suka ba ta gindin zama.

Sidiki Diabaté, mahaifin Toumani, a Gambiya aka haife shi a 1922, ya koma Mali yana saurayi. Shi da Djelimady Sissoko, mahaifin Ballaké, sun yi aiki tare a ƙungiyar makaɗan gargajiya ta ƙasa da gwamnatin Modibo Keita ta kafa bayan samun 'yancin kai, kuma gidajensu suna manne da juna a unguwar Ntomikorobougou. A 1970 su biyun, tare da Batourou Sékou Kouyaté da N'Fa Diabaté, suka yi wani faifai mai suna Cordes anciennes, tsofaffin tsirkiyoyi, wanda ya fito a cikin jerin faya-fayan kiɗan Mali da wani kamfanin Jamus ya buga, kuma shi ake ɗauka faifai na farko da aka bar kora ta yi magana ita kaɗai babu mawaƙi. Sidiki ya zo Najeriya ma, domin a bikin FESTAC na Legas a 1977 ne aka ba shi laƙabin sarkin kora. Djelimady ya rasu Ballaké yana ɗan shekara 13, yaron kuma ya ɗauki korar mahaifinsa ya zauna a gurbinsa a ƙungiyar ƙasa don ya ciyar da gida. Toumani, wanda aka haifa a 1965 kuma yake cewa shi ne tsatso na 71 a jerin makaɗan gidansu, ya yi suna a waje tun 1988 da faifansa Kaira, wanda ya kaɗa shi kaɗai a Landan. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a nan 'ya'yan sun yi wani irin gudu da iyayen ba su yi ba.

Niyyar farko ita ce Toumani ya yi faifan tare da mahaifinsa, sai Allah ya yi wa Sidiki rasuwa a 1996. Lucy Durán, malamar jami'a a Landan wadda ta koyi kora a Gambiya tun shekarun 1970 kuma ita ce ta shirya Kaira, ta haɗa 'ya'yan biyu don su yi wa faifan iyayensu amshi. An ɗauki kiɗan a dare ɗaya, ranar 22 ga Satumbar 1997, ranar da Mali take cika shekara 37 da samun 'yanci, a wani zaure mai daɓen marmara a cikin babban ɗakin taro na Palais des Congrès a Bamako. Nick Parker ne ya riƙe na'urar ɗaukar sauti. Ba a sutudiyo aka yi ba, ba a maimaita kiɗa don gyara ba, ba a kuma ɗora wani sauti daga baya ba. Amsa-kuwwar da ake ji tana bin kowace tsirkiya ta zauren ce da kansa.

Yanzu sai mu koma ga batun rashin murya, wanda na daɗe ina juya shi a raina. Jeliya, wato sana'ar jeli, magana ce kafin ta zama kiɗa. A zaman jeli na sosai akwai donkilo, wato baitin da aka sani ake rerawa, akwai kuma sataro, inda mawaƙi yake sakin baki ya kawo salsala, karin magana, yabo da tarihi, yana kallon idon wanda yake yi wa. A Gambiya sau da yawa makaɗin kora shi ne mawaƙin. A Mali kuwa maza sun fi riƙe kayan kiɗa, mata su ɗauki waƙar, kuma mahaifiyar Toumani, Nene Koita, mawaƙiya ce. To idan an cire wannan duka, me ya rage na tarihi? Amsar da na samu ta zo mini ne daga abin da muka sani a gida, wato take. Idan makaɗi ya kaɗa taken wani basarake, ko na maharba, ko na mahauta, bai furta kalma ba, amma duk ɗan gari ya ji sunan da kirarin, har tsikar jikin mai taken ta tashi. Baƙon da ya zo daga nesa zai ji ganga ce kawai ake bugawa da daɗi. Haka faifan nan yake. Kusan kowane kiɗa a cikinsa tsohon take ne da aka yi wa sabuwar riga da sabon suna, kuma mutumin Kita ko Kayes a ƙasar Mali yana jin labarin yana tafiya a ƙarƙashin tsirkiyar, alhali mu sai an gaya mana.

Kiɗan farko, Bi Lambam, ma'anarsa Lambam na yau. Lambam na cikin tsofaffin kaɗe-kaɗen Mande, kuma ba a yi shi don wani sarki ba. Taken jeli ne su kansu, shi suke kaɗawa idan suna bikin junansu, matansu su tashi su taka rawa suna wurga hannu da kai. Buɗe faifai da shi kamar mutum ne ya fara faɗin sunan gidansu kafin ya shiga magana. A nan ne mai sauraro zai fara gane yadda korar biyu suke saƙa: ɗaya ta kafa zagaye mai nauyi a ƙasa, ɗayar ta riƙa saukowa a kansa kamar yayyafi a kan kwano, kuma ba a taɓa jin ɗaya ta taka ƙafar ɗaya ba. Salaman da yake biye da shi ya fi sanyi, kuma shi ne wanda baƙina suka fi cewa a maimaita.

Kita Kaira ya fi kowanne dangantaka da iyayen. Kalmar kaira daga Larabci take, tushenta ɗaya da alherin da muke faɗa kullum, kuma suna ne na wata ƙungiyar samarin jeli da ta yi tashe a garin Kita a shekarun 1940, lokacin da neman 'yanci ya fara zafi, har Turawan mulki suka sa mata ido. Sidiki yana cikinta, kuma shi ne ya mayar da kiɗan abin da kowane makaɗin kora yake gwada hannunsa da shi. Wanda ya saurari yadda Toumani ya kaɗa shi shi kaɗai a 1988 zai ji bambanci a nan. Can saurayi ne yake nuna wa duniya abin da yatsu huɗu za su iya. Nan kuwa ya sami wanda zai riƙe masa ƙasa, sai ya rage gaggawa, yana barin sarari tsakanin fizga da fizga. A ganina wannan ya fi wancan daɗin zama a kunne, ko da yake wancan ya fi ban mamaki.

Wanda na fi daɗewa a kansa shi ne Bafoulabe. Bafoulabé gari ne a yammacin Mali inda kogin Bafing da na Bakoye suka haɗu suka zama kogin Senegal, kuma sunan garin ma yana nufin mahaɗar koguna biyu. Kiɗan da aka gina wannan a kansa shi ne Mali Sajo, kuma mali a harshensu dorina ce. Labarin yana cewa wata dorina ta saba da mutanen garin, musamman wata yarinya da take zuwa bakin ruwa, ba ta ɓarna, ba ta kife jirgi, har garin ya ɗauke ta tamkar ɗaya daga cikinsu, sai wani ya harbe ta. Masu ba da labarin sun saɓa a kan wanda ya yi harbin: wasu sun ce saurayi ne mai kishi, wasu sun ce Bature ne. Kiɗan makoki ne, jeli kuma sukan yi amfani da shi idan babban mutum ya faɗi, su yi ta'aziyya da sunan dorinar. Na saurari Bafoulabe shekaru kafin in san wannan labari, kuma a lokacin kiɗa ne mai daɗi da nake sa wa idan ina duba takardu. Bayan na sani, sai na fara jin inda siririyar tsirkiya take ɗaukar layin da mawaƙiya za ta rera, tana jan sa kamar mai kuka a hankali, na kuma daina iya yin wani aiki idan yana tafiya. Sautin bai canza ba ko kaɗan tsakanin sauraron farko da na baya. A daren rasuwar Toumani shi na maimaita sau uku.

Cheikhna Demba an ɗauko shi ne daga taken wani ɗan sarkin Segu na ƙarni na 18 da ake tunawa da shi saboda ya sa an haƙa magudanar ruwa daga kogin Kwara, wanda su suke kira Joliba, zuwa garinsa Bambugu. Yana da wani kaɗawa mai sa mutum gyaɗa kai, kuma shi ne wanda ya fi saurin kama kunnen sabon shiga. Kora Bali da Kadiatou suna biye, kuma zan faɗi gaskiya cewa a nan hankalina yakan ɗan yi yawo. Ba wai an yi sakaci a cikinsu ba ne. Gwanintar tana nan yadda take. Sai dai bayan minti 30 na murya iri ɗaya, zaure ɗaya da tafiya kusan iri ɗaya, kunnen da bai san taken ba yakan fara haɗa wannan da wancan.

An rufe da Yamfa, kalmar da Bahaushe zai gane ba tare da tafinta ba, domin yafiya ce. Asalinsa shi ne Alla l'aa ke, wato Allah ne ya yi, ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗen da ake fara koya wa almajirin kora a Gambiya, wanda aka yi a kan rikicin wasu 'yan'uwa biyu da suka nemi sarauta ɗaya a ƙasar Fuladu, inda wanda ya samu daga baya ya ƙi ramawa ya ce hukuncin Allah ne. Kiɗa ne daga ƙasar da iyayen biyu suka fito, kuma sanya shi a ƙarshe ya mayar da faifan inda tsirkiyar ta taso.

Ta fuskar ɗaukar sauti, aikin ya yi kyau ƙwarai, kuma shekarun da suka wuce ba su tsufar da shi ba. Ana jin kaurin manyan tsirkiyoyi har a ƙirji idan lasifikar mai kyau ce, ana jin tsinin ƙananan ba tare da sun soki kunne ba. Amma amsa-kuwwar zauren tana da yawa, kuma tana da farashinta. Korar da ake kaɗawa a tsakar gida a Brikama ta Gambiya ko a wurin biki a Bamako busasshiya ce, tana da kaushi, ana jin ƙarar farce, wani lokaci ana jin wani yana ƙwanƙwasa bayan ƙwaryar yana riƙe lokaci, ga hayaniyar mutane da masu miƙa kuɗi. Wadda take cikin faifan nan an yi mata wanka an shafa mata mai. Wannan laushin ne ya sa ta shiga gidajen Turai da Amurka cikin sauƙi, shi ne kuma ya sa ake yawan jin ta a wuraren da ake son kiɗan da ba zai dami kowa ba, kamar zauren otal da ɗakin jira. Laifin ba na makaɗan ba ne, amma abin yana da ɗan ciwo a ji taken da aka yi don tayar da tsikar jikin sarakuna ya zama abin rakiyar shan shayi. Haka kuma idan aka sa shi a lasifikar waya, kumbengon yakan ɓace gaba ɗaya, a bar mutum da fizgar sama kawai, wato rabin kiɗan ke nan. A mota ma ƙarar hanya takan cinye shi. Yana son ɗaki shiru ko abin sauraro na kunne.

Wani abin da mai saye zai so ya sani shi ne cewa rarrabe hannun Toumani da na Ballaké yana da wuya ga wanda bai san su a wasu ayyukan ba. An fi sanin Toumani da kaifin fizga da saurin da yake sa mutum riƙe numfashi, Ballaké kuma da taushi da zagaye mai faɗi, amma tun suna yara suke jin juna ta kan katanga, kuma a nan kowanne yana aron salon ɗan'uwansa. Ni dai na daina ƙoƙarin ganewa. Sunan Toumani ne aka rubuta da girma a bangon faifan saboda shi kasuwar waje ta sani a lokacin, amma duk wanda ya saurara da kyau zai yarda cewa aikin na mutum biyu ne daidai wa daida, kuma abin da Ballaké ya yi a shekarun da suka biyo baya ya tabbatar da haka.

Game da yadda za a same shi, yana kan manhajojin sauraron kiɗa na intanet irin su Spotify, kuma nan ne ya fi sauƙi ga yawancinmu, tun da faifan CD ɗinsa ba abin da ake tsinta a shagunan kasuwanninmu ba ne. Nawa ma wani ɗan'uwa ne ya riƙo mini daga tafiya. Sai dai akwai abin da intanet ba ta bayarwa. A cikin kwalin faifan akwai 'yar takardar bayani da take faɗin asalin kaɗe-kaɗen, kuma bisa abin da na faɗa a kan take, wannan takarda ita ce take tsayawa a gurbin mawaƙin da aka cire. Wanda ya saurara a manhaja zai ga sunaye takwas ne kawai a jere, sababbin sunaye ma, waɗanda ba za su kai shi ga Mali Sajo ko Alla l'aa ke ba sai idan wani ya nuna masa hanya. Takardar kuma da harshen Turawa take, don haka dattijon da ya fi kowa iya gane ma'anar take a cikinmu shi ne wanda bayanin ba zai kai gare shi ba.

Wanda yake neman tarihin Mande daga bakin jeli, da salsala da kirari da muryar da take tsaga taro, to ba wannan faifan zai saya ba. Ya nemi waƙoƙin Kandia Kouyaté, wadda Ballaké ya yi wa kiɗa shekaru, ko kuma tsofaffin ɗaukar ƙungiyar makaɗan ƙasar Mali. Wanda kuma ya san Toumani ta hanyar aikinsa da Ali Farka Touré, wanda ya kawo musu kyautar Grammy a 2006, zai tarar da wannan ya fi wancan tsauri, domin babu jita da za ta riƙe masa hannu. Amma ga mai son ya ji iyakar abin da kora take iya yi a hannun mutum biyu da suka gaje ta, ga ɗalibin kiɗa, ga makaɗin gurmi ko garaya da yake son ya ji yadda wasu suke raba aiki tsakanin mai riƙe ƙasa da mai yawo, ban san wani faifai da zan sa a gaban wannan ba, kuma kuɗinsa halal ne. Shawarata ga sabon mai sauraro ita ce kada ya sha shi duka a zama ɗaya. Ya fara da Bi Lambam da Bafoulabe, ya karanta labarin dorinar, ya sake sa Bafoulabe, sannan ya bar sauran shida zuwa wani daren.